Fashin Baƙi: Bokayen Ingila da Abin da Zaurukan Karatun Maguzawan Zamani Suke Tararwa a Tarihinsu

A ƙidayar jama'a da aka yi a Ingila da Wales a shekarar 2021, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta Pagan a gurbin addini, wasu kimanin 13,000 kuma suka rubuta Wicca, wani reshe na wannan tafarki wanda mabiyansa ke kiran kansu mayu. A cikin al'ummar da ta doshi miliyan 60, wannan adadi bai taka kara ya karya ba, amma masu shi mutane ne da karatu ya zame musu jiki, kuma akwai dalilin hakan. Su ne nake kira maguzawan zamani, ko da yake bai kamata a ɗauke su daidai da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina ba, waɗanda suka tashi suka tarar da iyayensu a kan al'adar. Na Ingila yawancinsu 'ya'yan Kiristoci ne, ko 'ya'yan waɗanda ba ruwansu da addini, sai da suka girma suka juya suna neman addinan da Turai ta bi kafin Kiristanci ya iso ta. Wanda bai gaji abu a gida ba dole ya nemo shi a littafi, shi ya sa zauren karatu ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi haɗuwa. Sukan zaɓi littafi, kowa ya je ya karanta babi, a dawo a tattauna a gidan wani, ko a ɗakin baya na mashaya, ko kuma a je sauraron lacca a kantunan littattafai irin su Atlantis da Treadwell's da ke unguwar Bloomsbury a Landan.

Cikin batutuwan da irin waɗannan zauruka suka fi komawa kansu akwai tarihin tsafin yau da kullum, wato abin da talakan Ingila na da yake yi idan saniyarsa ta daina ba da nono, ko an sace masa cokulan azurfa, ko yaronsa ya kwanta ciwon da aka rasa gane kansa. Tambayar da suke shiga da ita kusan ɗaya ce: shin layu da surkullen mutanen ƙauye ragowar tsohon addini ne da ya ɓuya ya tsira daga coci? Amsar da masana tarihi suka bayar cikin shekaru hamsin ɗin da suka wuce ba ta yi wa masu tambayar daɗi ba, kuma a ganina darajar kowane zauren karatu tana ga yadda yake karɓar amsar da bai so ji ba. Ni Musulmi ne, hukuncin sihiri a wurina ba abin jayayya ba ne, amma sanin abin da mutane suka yi da dalilin da ya sa suka yi shi ilimi ne, kuma a wannan tarihi akwai abubuwan da suka shafe mu fiye da yadda muke zato.

Dole a fara da labarin da maguzawan zamani suka gada. A ƙarshen ƙarni na 19 masana al'adu na Birtaniya, musamman Edward Tylor a 1871 da James Frazer daga 1890, sun yaɗa ra'ayin cewa camfe-camfen ƙauye burbushin tsofaffin addinai ne da mutane suka manta ma'anarsu amma suka ci gaba da aikata su. A kan wannan tubali Margaret Murray, malamar tarihin tsohuwar Masar a jami'ar Landan, ta ɗora nata gini a 1921. Ta ce mutanen da aka gurfanar a kotunan Turai da laifin maita tsakanin ƙarni na 15 da na 17 mabiya wani tsohon addini ne mai bautar allah mai ƙaho, suna taruwa rukuni-rukuni na mutum 13, kuma coci ce ta kira allahn nasu Shaiɗan domin ta sami hujjar murƙushe su. A 1929 aka ba ta damar rubuta bayanin maita a babban kundin sani na Britannica, bayanin ya zauna a ciki kusan shekara 40, ya zama abin da ɗalibi da ɗan jarida suke ɗauka a matsayin tabbataccen ilimi. Da majalisa ta soke dokar maita a 1951, sai Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a Malaya, ya fito a 1954 ya ce addinin da Murray ta siffanta bai mutu ba, shi da kansa an shigar da shi cikinsa a 1939 a yankin New Forest da ke kudancin Ingila. Daga nan Wicca ta samo asali. Tare da labarin kuma aka riƙa yaɗa cewa mutum miliyan 9 aka kashe a farautar mayu, adadin da wani Bajamushe, Gottfried Christian Voigt, ya ƙiyasta a 1784 daga kundin gari guda, wata 'yar gwagwarmayar mata a Amurka, Matilda Joslyn Gage, ta sake tallata shi a 1893.

Wannan gini bai jure bincike ba. A 1975 Norman Cohn ya koma ga takardun shari'ar da Murray ta dogara da su, ya nuna cewa takan ɗauko jimlar da ta yi kama da taron ibada, ta tsallake wadda ke biye da ita inda wadda ake tuhuma take cewa ta tashi sama a kan kara ko ta rikiɗa ta zama zomo. Yawancin waɗannan ikirari kuwa an same su ne ta hanyar azabtarwa ko hana barci, tambayoyin masu bincike ne suke tsara amsar. Ƙididdigar da masana suka tsaya a kanta yanzu ita ce tsakanin mutum 40,000 da 60,000 ne aka kashe a duk faɗin Turai, kimanin 500 daga cikinsu a Ingila, inda ake ratayewa. Sannan a 1999 Ronald Hutton, farfesan tarihi a jami'ar Bristol, wanda maguzawan zamani suka yarda da shi domin ya zauna da su ya kuma girmama su, ya bi diddigin ibadun Gardner ɗaya bayan ɗaya, ya gano tushensu a tsarin ƙungiyar asiri ta Freemason, da rubuce-rubucen matsafin Ingila Aleister Crowley, da tsofaffin littattafan kiran ruhohi, da kuma waƙoƙin da abokiyar aikin Gardner, Doreen Valiente, ta tsara a shekarun 1950. Abin da ya tabbatar shi ne Wicca sabon addini ne da aka haifa a Ingila a ƙarni na 20.

To, idan waɗanda aka rataye ba limaman wani ɓoyayyen addini ba ne, su wane ne suke yin tsafin da kowa ya san ana yi? A nan ne karatun yake yin armashi, domin sai ga wata sana'a ta bayyana wadda labarin Murray ya danne, sana'ar bokanci. A kowane yanki na Ingila akwai mutanen da jama'a suke kira masu wayo ko masu hikima, kuma Bahaushe ba zai sha wahalar gane su ba, domin aikinsu aikin boka ne da ɗan duba. Alan Macfarlane, wanda ya tona kundayen kotunan gundumar Essex ya buga sakamakon a 1970, ya nuna cewa a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya babu ƙauyen gundumar da ya yi nisan fiye da mil 10 daga wani sanannen boka. Owen Davies, wanda ya fi kowa zurfafa bincike a kansu, ya gano cewa kusan biyu bisa uku maza ne, akasarinsu masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, masu ɗinkin takalma, masaƙa, maƙera, kuma da yawansu sun iya karatu a lokacin da maƙwabtansu ba su iya ba. Littafi a kan teburin boka, ko da na Latin ne da shi kansa ba ya fahimta sosai, rabin kwarjininsa ne. Abin sha'awa ma, ɗaya daga cikin littattafan da suka fi kwasar surkulle a ciki shi ne wanda Reginald Scot ya buga a 1584 da niyyar tona asirin yaudararsu, domin a ƙoƙarinsa na ƙaryata su ya rubuta lafuzzan dalla-dalla.

Ayyukan da ake kai musu sun nuna inda ciwon talaka yake. Na gaba-gaba shi ne gano ɓarawo da kayan da suka ɓata, a ƙasar da 'yan sanda ba su karaɗe ko'ina ba sai bayan 1856. Akwai hanyar rariya da almakashi: a soke bakin almakashi a gefen rariya, mutum biyu su tallafe shi da kan yatsu, a riƙa kiran sunayen waɗanda ake zargi tare da ambaton waliyyan Kirista Bitrus da Bulus, sunan da rariyar ta juya a kansa shi ne ɓarawo. Akwai kuma ta mabuɗi da Littafi Mai Tsarki, inda ake ɗaure mabuɗin a kan wata aya ta Zabura ta 50 da ke ambaton ɓarawo, ko a littafin Rut, a rataye littafin a jira ya juya. Boka mai basira ya san cewa rariya ba ita ce ke aikin ba. Mai kaya yakan zo da zargi a zuciyarsa, shi kuma boka yana da kunnuwa a kasuwa da mashaya, kuma sau da yawa jin cewa an tafi wurin boka kaɗai ya isa a wayi gari a tarar da kayan a ƙofar gida. Bayan wannan sai neman miji ko mata, da duba ta taurari, da maganin zazzaɓi, da rubuta laya a naɗe a rataya a wuya ko a binne a dokin ƙofar garke.

Idan zauren karatu ya zo kan lafuzzan layun nan, a nan ne fatansa yake cin karo da takarda. Layar ciwon haƙori da aka fi samu daga kudancin Ingila har tsaunukan Sikotilan labari ce na Bitrus yana zaune a kan dutse yana kuka, Yesu ya zo wucewa ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya warkar da shi, ya kuma yi alkawarin cewa duk wanda ya riƙe waɗannan kalmomi haƙori ba zai dame shi ba. Ta tsayar da jini tana ambaton yadda kogin Urdun ya tsaya lokacin baftismar Yesu. Kusan kowace tana rufewa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Bokayen nan suna zuwa coci, suna ɗaukar baiwarsu kyauta ce daga Allah, kuma Hutton ya bayyana cewa bai sami shaidar ko ɗaya daga cikinsu yana bautar gumakan da ba. Inda suka yi waiwaye zuwa wani tsohon addini, Katolika ne, wanda gyaran Furotesta na ƙarni na 16 ya haramta ruwansa mai tsarki da kyandirorinsa da kiran waliyyansa.

Duk da haka adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai zaren da ya miƙe har zuwa zamanin gumaka, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi bukatar natsuwa. A 1841 aka gano wani rubutu na ƙarni na 10 a ɗakin karatun babbar cocin Merseburg a Jamus, a cikinsa akwai surkullen targaɗe: dokin Balder ya gurɗe a daji, Wodan, allahn Jamusawan da, ya yi masa tofi, ƙashi ya koma ga ƙashi, jini ga jini, gaɓa ga gaɓa. Ƙarnuka da yawa bayan haka masu tattara al'adu suka ji irin wannan lafazi a bakin manoman Sikotilan da Norway, sai dai mahayin ya koma Yesu. A Ingila kuma akwai kundin magani na kusan shekara ta 1000 da ake kira Lacnunga, wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya, inda surkullen ganyaye tara yake ambaton Woden, wato Wodan, da Almasihu a wuri guda. Akwai wani na gyaran gonar da ta ƙi amfani, wanda ya umarci a yanko ƙasa daga kusurwoyi huɗu na gonar, a kai coci limami ya yi addu'a a kai, a rubuta sunayen Matiyu da Markus da Luka da Yohanna a kan gicciye huɗu, sannan a kira uwar ƙasa. Waɗannan shaidu na gaske ne. Abin da suke nunawa shi ne tsarin magana yana iya rayuwa shekara dubu bayan imanin da ya haife shi ya gushe. Matar da ke ɗaure zare a ƙafar ɗanta tana kiran Yesu ba ta san Wodan ba, ba ta kuma ɓoye shi a zuciya ba, kuma mai karatun da ya ce ta ɓoye shi ya ƙwace mata addininta ne ya ba ta nasa. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano ya buga a 1946, ya tarar da abu mai kama da wannan ta ɗaya fuskar, domin ya ga Musulunci ya ratsa tunaninsu game da Allah da iskoki har ba a iya ware wani tsantsar tsohon addini a ajiye gefe.

Abu na biyu da ke girgiza masu karatun shi ne inda tsafin ya dosa. Mabiya Wicca suna kiran kansu mayu suna alfahari da sunan, alhali mafi yawan tsafin talakan Ingila kariya ce daga maye. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne tulun maye. Idan boka ya yanke cewa ciwon mutum kamun maita ne, sai a sami ɗan tulun yumɓu mai fuskar gemu a wuya, irin wanda ake shigowa da shi daga yankin kogin Rhine a Jamus, a zuba fitsarin majiyyacin, a ƙara lanƙwasassun ƙusoshi da allurai da gashinsa da yankan farcensa, a toshe, a binne a ƙarƙashin murhu ko dokin ƙofa, ko a ɗora a wuta. Joseph Blagrave ya bayyana dabarar a littafinsa na magani a 1671. Tunanin shi ne maye ya riga ya ƙulla wata alaƙa tsakanin jikinsa da na wanda ya kama, saboda haka ta wannan hanyar za a mayar masa da azaba, fitsari ya gagare shi, har ya saki. A 2004 ma'aikatan gini suka tono irin wannan tulu a Greenwich da murfinsa a toshe tun ƙarni na 17. Da aka bincika a ɗakin gwaji, sai ga fitsari, da ƙusoshi 12, da allurai 8 na tagulla, da gashi, da farce, da ɗan guntun fata mai siffar zuciya an soke shi da ƙusa, da alamar farar wuta, har aka gane cewa mai fitsarin yana shan taba. James Murrell, mai ɗinkin takalma na garin Hadleigh a Essex, wanda ya rasu a 1860, ya ci gaba da wannan aiki har tsakiyar zamanin jirgin ƙasa, sai dai shi maƙeri yake sa wa ya ƙera masa tulun ƙarfe.

Wannan ɓangare yana da duhun da bai kamata sha'awar tsofaffin kaya ta rufe shi ba. Duk tulun da aka binne, akwai maƙwabcin da aka nuna da yatsa. Boka ba kasafai yake furta suna ba, yakan ce wanda ya fara shigowa gidan neman aron wani abu shi ne, ko ya miƙa madubi ya bar mai zargi ya ga fuskar da ya zo da ita a ransa. Macfarlane da malaminsa Keith Thomas sun nuna yadda zargin yake tasowa: tsohuwa matalauciya ta zo roƙon madara ko yisti, a kore ta, ta tafi tana gunaguni, bayan kwanaki saniya ta mutu, sai nauyin zuciyar wanda ya yi rowa ya juye ya zama tuhuma. Kotunan Ingila sun daina rataye mayu a shekarun 1680, amma jama'a ba su daina hukunci da hannunsu ba. A 1863, a ƙauyen Sible Hedingham da ke Essex, taron mutane ya jefa wani tsoho bebe a rafi saboda wata mata ta ce shi ya kama ta, ya kwanta ciwo ya mutu, aka ɗaure mutum biyu wata shida-shida. A 1875, a Long Compton, wani ɗan ƙodago ya kashe wata tsohuwa mai suna Ann Tennant da mashin kwasar ciyawa yana cewa mayya ce. Wanda ya taɓa ganin an taru a kan wata tsohuwa a unguwa ana cewa ta kama kurwar yaro, sai ta tsallake shi, ba ya bukatar a fassara masa wannan. A can da nan, wanda zargin yake faɗa wa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa.

Matsayin doka shi ma ya sauya fuska fiye da sau ɗaya. Dokokin 1542 da 1563 da 1604 sun ɗauki sihiri abu ne mai aiki, suka tanadi hukunci har ga mai neman ɓataccen kaya ko haƙo dukiya ta hanyarsa. Malaman Furotesta irin su William Perkins na Cambridge sun ce boka mai warkarwa ya fi maye haɗari, domin shi rai yake halakawa. Amma a aikace bokaye kaɗan ƙwarai ne aka rataye, saboda maƙwabta ne suke kai ƙara, kuma ba wanda zai kai ƙarar wanda ya gano masa dokinsa. Dokar 1735 ta juya lamarin gaba ɗaya, ta ce laifin shi ne mutum ya yi iƙirarin yana da irin wannan iko, wato damfara ke nan, hukuncinsa ɗaurin shekara guda. A ƙarƙashinta aka ɗaure Helen Duncan, mai iƙirarin kiran ruhin matattu, a 1944, shekara bakwai kafin a soke ta.

Me ya sa mutanen da ke zuwa coci kowace Lahadi suke kuma zuwa wurin boka ranar Litinin? Babban aikin Keith Thomas na 1971, wanda kusan kowane zauren karatu yake bi ta kansa, ya aro haske daga Afirka. E. E. Evans-Pritchard ya zauna cikin ƙabilar Azande a kudancin Sudan ya buga bincikensa a 1937, inda ya kawo misalin rumbun da ya faɗo a kan masu hutawa a inuwarsa. Azande sun san gara ce ta ci ƙafafun rumbun, sun kuma san zafin rana ne ya kai mutane ƙarƙashinsa, amma tambayarsu ita ce me ya haɗa faɗuwar da zaman waɗannan mutane a daidai wannan lokaci, kuma maita ita ce amsar. Thomas ya ce haka manomin Ingila yake, yana rayuwa tsakanin annoba da gobara da yunwa da mutuwar jarirai, likita ya fi ƙarfin aljihunsa, ga shi kuma gyaran Furotesta ya ɗauke masa kariyar da coci take ba shi a da, sai boka ya cike gurbin. Inda aka yi wa Thomas gyara shi ne lokacin da abin ya ja baya. Shi ya fi karkata ga ƙarshen ƙarni na 17, amma Davies ya nuna daga jaridun larduna da shari'un damfara cewa masu ilimi ne kawai suka janye a lokacin, bokaye kuwa sun ci kasuwarsu har farkon ƙarni na 20. Abin da ya karya sana'ar shi ne sauyin rayuwa: 'yan sanda a kowace gunduma, likitan dabbobi, inshorar lafiya ta ma'aikata daga 1911, asibiti kyauta daga 1948, da kuma raguwar gidajen da abincinsu ya rataya a kan saniya ɗaya ko alade ɗaya. Da madara ta koma abin da ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa kamfani, sai matar da man shanunta ya ƙi fita ta daina neman wanda ya yi mata baki.

Akwai kuma shaidun da ba su zo da bayani ba, kuma a kansu ne mai karatu ya fi saurin zamewa. Gidan tarihi na Northampton yana riƙe da rajistar takalman da aka tarar a ɓoye cikin bango da mafitar hayaƙi da rufin gidaje, wadda June Swann ta fara a ƙarshen shekarun 1950, ta kai kusan 2,000, mafi tsufa an same shi a bayan kujerun mawaƙa da aka kafa a 1308 a cocin Winchester. Akasari ƙafa ɗaya ce, ta sha jiki, da yawa kuma na yara ne. Haka nan akwai zane-zanen da'ira da harafin V biyu a haɗe da ake samu a katakon murhu da ƙofofi, irin ɗaruruwan da aka sanar da ganowa a kogon Creswell Crags a 2019. Mutanen da suka ɓoye takalman ba su bar rubutun dalilinsu ba, shi ya sa masana suke da ra'ayoyi mabambanta, wasu na cewa tarkon mugun ruhu ne, wasu na cewa neman haihuwa ko sa'a, wasu kuma na ganin wani kaso na zane-zanen alamun kafintoci ne kawai. Zauren da ya san abin da yake yi yakan rarrabe tulun maye, wanda littattafan zamaninsa suka bayyana, da takalmi, wanda hasashe ne ya fassara shi.

Saɓani na gaske da ya rage tsakanin masana yana kan aljanu. Emma Wilby ta yi hujja a 2005 cewa wasu bokaye, musamman a Sikotilan, da gaske suna ganin wahayi na ruhohin da ke taimakonsu, kuma wannan yana da tushe da ya girmi coci. Shari'ar Bessie Dunlop, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a Edinburgh a 1576, ita ce ake yawan karantawa a kan wannan. Ta ce ilimin magani da gano kaya tana samunsa ne daga wani dattijo mai suna Thom Reid, wanda ya mutu a yaƙin Pinkie a 1547 yana kuma zaune tare da aljanu. A wuri ɗaya ta ce ya nemi ta bar baftismarta ta ƙi, a wani wurin kuma ta ce ya gaya mata sabuwar dokar addini ba ta da kyau, tsohon imani zai dawo, wato Katolika. Takarda guda ke nan da ke ba kowane ɓangare abin riƙewa, kuma an rubuta ta ne da hannun magatakardan kotun da ke neman ranta.

Maguzawan zamani ba su tsaya wuri ɗaya a kan duk wannan ba. Akwai waɗanda suka ƙi, suna cewa rashin shaida a takarda ba ya kore abin da aka riƙe a asirce, kuma wani ɗan Wicca na New Zealand, Ben Whitmore, ya rubuta raddi ga Hutton a 2010. Akwai waɗanda suka bar sunan Wicca suka koma kwaikwayon bokayen ƙauye, suna zuwa gidan tarihin maita da tsafi na Boscastle a Cornwall suna nazarin layu, sai dai da yawansu sukan cire sunan Yesu su sa na wani allah, wanda hakan sabon abu ne ko da an kira shi tsoho. Waɗanda na fi ganin girmansu su ne waɗanda suka amince addininsu ɗan ƙarni na 20 ne, suka kuma bar wa matattu Kiristancinsu. Cikin masu bincike daga gida akwai Philip Heselton, shi kansa mabiyin tafarkin Gardner, wanda ya shafe shekaru yana bin takardun haihuwa da wasiyyoyi da jaridun garuruwan Highcliffe da Christchurch domin gano mutanen da Gardner ya ce sun shigar da shi. Ya tarar da mutane na gaske, cikinsu har da wata malamar koyar da iya magana mai suna Edith Woodford-Grimes, da wata ƙungiyar masu sha'awar ilimin ɓoye da ke da gidan wasan kwaikwayo a Christchurch a ƙarshen shekarun 1930. Sawun da ya bi ya tsaya ne a kan 'yan boko masu matsakaicin hali na farkon ƙarni na 20, a daidai shekarun da ra'ayin Margaret Murray yake yawo a ɗakunan karatu na Ingila.